Tari ya ƙi barin gidanmu tun shigowar sanyi: hazo ne ko hayaƙi?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don abin ya fara hana ni barci. Ni ina ɗinki a Kano, iyalina kuma suna gida tare da mahaifiyata, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura. Tun da sanyi ya kankama a watan Disamba yarona mai wata tara yake tari. Sau biyu ana kai shi asibitin garinmu, a ba da magani ya lafa, bayan kwana goma ya dawo. Inna ma haka, ita har majinarta ta safe baƙi-baƙi take fitowa.

Makon jiya na je na kwana uku, na sa ido. Saboda iska da ƙura, matata ta mayar da girkin dare cikin ɗan ɗakin da muke tara tarkace, ba shi da taga ko ɗaya, kuma yaron yana goye a bayanta har ta kwashe tuwo. Bayan isha sai Inna ta ɗebi garwashi a kasko ta shige ɗakinta ta ja ƙyaure. Tagarta kuwa an cusa mata tsumma da kwali tun farkon hunturu. Da asuba na shiga gaishe ta, ban yi minti goma ba kaina ya fara sarawa. Da na yi magana sai ta ce hazo ne, kowa a gari tari yake, kuma ita da kaskon nan ta girma.

To hazon ne ko hayaƙin? Kuma me zan iya gyarawa da ɗan abin da ke hannuna? Don Allah kada a ce in sayi gas. Ko na sayi tukunyar, inda za a cika ta sai an hau mota.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba su lafiya. Kafin komai, kaskon nan ya bar ɗakin Inna yau ɗin nan. Kada ka jira sai ka koma, ka kira su a waya.

Anti_Rabi_Nas:
Abban Sadiq, duka biyun ne, amma ɗaya ya fi ɗaya gaggawa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a karkara, shekarata goma sha ɗaya ke nan. Ciwon kan da ka ji a ɗakin Inna ba na hazo ba ne. Gawayi ko garwashi in yana ci a ɗakin da iska ba ta shiga, yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa ido hawaye. Shi ya sa mutanenmu suke ganin garwashi ya fi itace sauƙi tunda ba ya hayaƙi, alhali a rufaffen ɗaki shi ne mai kisa. Jinin mutum yana kama wannan iska fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya shiga yunwar iska ko da mutum yana numfashi. Wanda yake a farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, jiki ya mutu. Mai barci ba ya jin ko ɗaya, wucewa kawai yake yi. Duk ranar da mutum biyu ko uku suka tashi a ɗaki ɗaya da ciwon kai, suka fita tsakar gida ya sake su, to ɗakin za a bincika, ba zazzaɓi ba ne.

Shi kuma Sadiq, hayaƙin da uwarsa take shaƙa shi ma shi yake shaƙa, kuma yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa bai gama ƙwari ba. Ka ce wa mai ɗakinka in yana kwance shiru, ba kuka yake ba, ta ɗaga rigarsa ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif da agogon waya. Yaro daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50 ko ya wuce, numfashin ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40 ne. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, ba batun jira ba ne, a wuce babban asibiti ko da dare ne.

Malam_Tanko_Sule:
Ni fa ina da ja a wannan magana. Kakata a ɗakin da take girki a nan take kwana, azarar ɗakin baƙa ƙirin kamar an shafa mata kwalta, kuma ta haura tamanin da idonta da haƙoranta. Hayaƙin nan shi yake hana gara cin azara, shi yake korar sauro, shi yake tsare irin gero da ake ratayewa a saman murhu. Yanzu komai sai a ce cuta ne. Tari lokacin hunturu ai ba yau aka fara ba.

Ado_Magini_Gumel:
Malam Tanko, gaskiyarka a kan azara da iri, na gani da idona. Amma ka tuna irin ɗakin da kakarmu take ciki. In na jinka ne, hayaƙi ta cikin ciyawar yake tsiyayewa, da safe ka hango rufin yana turiri. In soro ne, ƙofar asabari ce ko ƙyauren kara, iska tana shiga ta ko'ina. Yau ni da hannuna nake gina wa mutane ɗakin bulo, a yaɓe shi da siminti, a buga kwano, a ɗaure silin, a sa ƙofar ƙarfe mai rufewa ruf, taga ɗaya tal ta ƙarfe. Sannan a ɗauko al'adar ɗakin jinka a shigo da ita ciki. Ɗakin ya canza, kaskon bai canza ba.

Anti_Rabi_Nas:
Malam Tanko, Allah ya jiƙan kaka. Sai dai mu tambayi kanmu 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka girma. Waɗanda ciwon haƙarƙari ya ɗauke tun suna goye ba su nan balle su ba mu labari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Kuma tsofaffin matan da muke gani da tarin da ba ya warkewa, ba su taɓa riƙe karan sigari ba, murhu ne sigarinsu. Yanar ido ma hayaƙin girki yana cikin abin da ke jawo ta.

Malam_Tanko_Sule:
Tara ta haifa, huɗu suka rayu. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba, kuma ba zan ce hayaƙi ne ya kashe su ba don ban sani ba. Amma na ji.

Hajiya_Binta_Kanya:
Ku yi haƙuri maza, zan faɗi abin da ba ku faɗa ba. Wa ya ce muku mace tana son hayaƙi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar Abban Sadiq ba don daɗi ta shige ɗakin tarkace ba. A tsakar gida iskar hunturu tana kwashe wutar, itacen kwana uku ya ƙare a kwana ɗaya, ƙasa ta cika miya, sannan maigida ya dawo ya ce tuwo da tsakuwa. Gaba kura baya siyaki. Kuma me ake kawo mata ta hura? Ɗanyen itace da aka saro shekaranjiya, ko kara, ko kashin shanu. Ɗanyen darbejiya in ka sa a murhu har kumfa yake yi ta gindi, hayaƙinsa fari fat mai ɗaci, sai kin yi ta fifita kina hawaye. Ku kawo busasshen itace, ku faskara mata shi ƙanana, ku kafa mata rumfa da zana ta ɓangaren da iska take bugowa, ku ga in za ta koma wancan ɗakin.

Yaro kuma, ba wanda yake so ya goya ɗa a bakin wuta. Ba mai riƙe shi ne. Innar ba za ta karɓe shi na awa ɗaya ba?

Abban_Sadiq:
Hajiya, wallahi kin faɗi gaskiya. Itacen ni nake aika kuɗinsa, ban taɓa tambayar ɗanye ne ko busasshe ba. Inna za ta karɓe shi, ai ɗan lelenta ne, kawai ba wanda ya kawo shawarar.

Zainabu_Ƴar_Wudil:
A ƙara da leda. Mu daina kunna wuta da leda da tsohon silifas da guntun roba. Na san tana saurin kamawa, ni ma na daɗe ina yi, amma warin nan da yake maƙale wa mutum a maƙogwaro guba ce. Busasshen kara ƙanana ko totuwar masara sun isa su tayar da wuta. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, a rufe tukunya da murfi, zaman bakin murhu zai ragu sosai.

Ado_Magini_Gumel:
Abban Sadiq, in dole sai an yi girki a wancan ɗakin, ga abin da zan yi in nawa ne. Hayaƙi sama yake tashi, don haka huji na sama ake buƙata, dab da rufi, a bangon da murhu yake jingine. A fasa kamar faɗin bulo biyu. Sai a sake fasa wani a bangon da ke kallonsa, shi kuma ƙasa-ƙasa, ko a bar ƙofa a buɗe. Iska ta shigo ta ƙasa, ta tura hayaƙi ya fita ta sama. Huji ɗaya ba ya aiki, kamar ka huda gwangwanin madara wuri ɗaya ne, ba za ta zubo da kyau ba sai ka huda na biyu. In ginin ƙasa ne ma ba ka buƙatar magini, diga da rabin yini sun isa.

Ɗakin kwana ma haka. Duk wanda zan yi wa gini yanzu ina roƙonsa ya bari in sa bulo mai huji a saman taga da saman ƙofa. Wasu su yarda, wasu su ce ɓarnar kuɗi.

Ɗan_Fulani_Maigatari:
Malam Ado, hujin nan fa shi ne hanyar maciji da kunama da ɓera. Taga kuma a buɗe da dare, mu nan bakin iyaka ba mai yarda, an sha zare wa mutane waya ta taga da sanda.

Ado_Magini_Gumel:
A buga masa raga ta waya, mai ƙananan ido, ita ce kuma za ta tare sauro. Hujin da ke dab da rufi ba hannun da zai kai ga wayarka. Ba taga na ce a wangale ba.

Ummu_Hanan:
Tambaya don Allah. Turaren wuta fa? Don ni gaskiya ɗakina ba ya kwana ba turare, kuma ina da jaririya ta wata biyu.

Maman_Ilham:
Ummu Hanan, ba wanda zai raba mu da turare. Amma hayaƙi ne shi ma, ƙamshinsa bai hana shi zama hayaƙi ba, ga kuma garwashin da ke ƙarƙashinsa. Yadda nake yi: in fitar da yara, in turara ɗakin da labule da kayan sawa tun la'asar, in fitar da kaskon, in buɗe ƙofa da taga hayaƙin ya fice. Ƙamshin yana zama a jikin kaya har washegari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a turara jaririya kai tsaye, ko a tura kasko ƙarƙashin gadon da take kwance. Ɗiyar yayata asma gare ta, ko gidan biki aka shiga da ita aka sa turare sai ƙirjinta ya fara fito.

Hajiya_Binta_Kanya:
Ɗakin maijego ma a duba shi. An toshe ko'ina don kada sanyi ya kama ta, ga wuta, ga turare, ga 'yan barka cike da ɗaki har kwana bakwai, jariri yana tsakiya. Mu manya mu muke sa wannan dokar, mu ne kuma za mu sassauta ta.

Injiniya_Kabiru:
Anti Rabi ta yi bayanin garwashi, ni zan ƙara da janareta, don guba ɗaya ce. Akwai wani gida a unguwar da na taɓa zama, ana ruwan sama suka shigo da ɗan ƙaramin injinsu cikin soro suka rufe ƙofa don kada ya jiƙe, kuma don tsoron ɓarayi. Da safe sai da aka ɓalle ƙofa. Allah ya sa da sauran kwana, an kai su asibiti sun farfaɗo, amma ƙaramin yaron ya daɗe bai dawo daidai ba. Inji a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga, a ƙalla ƙafa 20, bakin salansa yana kallon wani wajen. Masu shagon cajin waya da gidan kallon ƙwallo su ma su ji. Haka mai tayar da babur a cikin zaure ya bar shi yana ɗumi da sanyin safiya.

In kun tarar da wanda wannan iska ta buge, a fara buɗe ko'ina, a fitar da shi fili, a nufi asibiti. Manja da madarar da ake ɗura wa mutum ba sa cire ta daga jini, kuma ɗura wa wanda ya suma abu yana iya sarƙe shi.

Sabo_Manomi_Ringim:
Tunda an zo maganar guba bari in faɗi tawa, ko wani zai tsira. Shekara uku da suka wuce na samu wake buhu shida. Na sayo ƙwayar nan da muke kira bom, na ƙulle a tsumma na tura cikin kowane buhu, na jera su a ɗakin da yarana maza suke kwana don nan ne ɓarawo ba zai shiga ba. Dare na biyu duk su ukun suka tashi da amai da ciwon ciki, ƙirji ya riƙe. Ɗakin yana wani wari kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Mu muna ta zargin abincin dare. Ma'aikacin asibiti ne ya tambaye ni me ke cikin ɗakin. Ƙwayar nan da ta ji danshin iska sai ta fara sakin gas, shi ne yake kashe ƙwarin, kuma buhu ba ya riƙe shi. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, da hannuna na jera buhunan.

Yanzu buhun PICS nake amfani da shi, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Ka ɗaure kowanne daban da kyau, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu da kansu, ba magani ko ɗigo. Ya fi buhun banza tsada amma in ba a huda shi ba yana yin shekaru. Wanda kuma dole sai ya sa bom, to a rumbu ko ɗakin da ba ya haɗe da na kwana.

Anti_Rabi_Nas:
Malam Sabo, Allah ya saka da alheri da ka faɗa. Fiya-fiya ma haka. Maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba, tun 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da irinsa barkatai a kasuwanni, amma har gobe ana yayyafa shi a ƙarƙashin gado a rufe ƙofa yara su shiga su kwanta. Maganin sauro na kunnawa shi ma hayaƙi ne na tsawon dare a kan hancin yaro. Gidan sauro mai magani ya fi su duka. In sabo ne a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura, shi ke rage zafin da wasu suke kuka da shi a fuska.

Malam_Nura_Ticha:
Kada mu wanke hazo gaba ɗaya fa, Inna ba ta yi ƙarya ba. Mafi yawan ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi da ake kira Bodele, busasshen gindin tsohon tafki ne, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta sauke mana. Wadda kake gani a kan tabarma da murfin randa ita ce mai kauri, hanci yana tare da yawa daga cikinta. Mai illar ita ce wadda ido ba ya gani, wadda masana suke kira PM2.5, ta fi silin gashi sirantaka kusan sau 30, tana wucewa har can cikin huhu. Irin wannan ce kuma ta cika hayaƙin itace. Wato yaron da ya shaƙi hazo da rana ya shaƙi hayaƙi da dare, kaya biyu ya ɗauka. Hazo ba mu da iko da shi, hayaƙin namu ne.

Abin da nake gani a gidaje da makaranta: yarinya ta ɗauki tsintsiya ta share busasshen ɗaki ƙofa a rufe, ƙurar ta tashi ta cika ɗakin, bayan awa ɗaya ta koma inda take. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma, a fitar da tabarma da bargo a kakkaɓe a waje, a shanya katifa a rana. Ranar da hazo ya yi kauri a saki labule mai ɗan danshi a ƙofa, a buɗe taga lokacin da iska ta kwanta.

Sadiya_BUK:
Na ga ana cewa a ajiye shuke-shuke a tukunya cikin ɗaki suna tace iska. Ko zai taimaka?

Malam_Nura_Ticha:
Malama Sadiya, asalin maganar wani gwaji ne da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 1989 a cikin rufaffun akwatuna. A ɗaki na gaske tukunya biyu ko uku ba sa yin abin da huji ɗaya na Malam Ado zai yi. A shuka bishiya a tsakar gida da bayan katanga dai, tana rage ƙarfin iska da ƙura.

Baba_Audu_Auyo:
Ku kuna ta maganar hunturu, mu nan ƙasar Haɗejiya namu na damina ne. Tun ambaliyar 2022 ɗakunanmu ba su koma daidai ba. Bango yana jan ruwa daga ƙasa har gwiwa, bayan kwaba da ƙarƙashin ledar ɗaki duk fumfuna, in ka shiga wani wari ne yake tarbarka kamar na tsohuwar rijiya. Jikata duk damina sai ta yi ta atishawa da tari. Da muka ɗage ledar muka bar daɓen ya sha iska, muka janye kaya daga jikin bango kamar taƙi ɗaya, ta samu sauƙi. Ledar nan kyau gare ta a ido amma tana ɓoye ruwa.

Sannan kaji da 'yan awaki da ake shigarwa ɗaki da dare saboda sata. Warin fitsarin nan har ido yake yi wa yaji.

Hajiya_Binta_Kanya:
Mu dawo kan murhu. Akwai wanda ya gwada na zamanin nan mai cin itace kaɗan? Ana ta faɗa a rediyo.

Maman_Ilham:
Ni ina da Save80, na ƙarfe, 'yan ƙananan itace kamar yatsu ake sa masa. Itace kam yana ragewa ƙwarai, hayaƙi ma kaɗan ne in itacen ya bushe. Matsalarsa biyu: tsada, sannan tukunyar gidan da ake tuƙa tuwon mutum ashirin ba ta hawa. Ƙanwata kuma na laka ta gina, ta zagaye duwatsun murhu da yumɓu ta bar baki ɗaya na sa itace, tukunya ta zauna daram a ciki. Ko sisi ba ta kashe ba, iska ba ta kwashe mata wuta, har a tsakar gida take girkinta da hunturu. Amma kada a ruɗe mu, duk murhun da ke cin itace ko gawayi yana fitar da wani abu. Kurfoti ma ba a shiga da shi ɗaki a rufe.

Injiniya_Kabiru:
A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta. A takarda akwai.

Ɗan_Fulani_Maigatari:
Sai ta iso rugarmu tukuna. Tun da kananzir ya fi ƙarfin talaka kowa ya jingine risho ya koma daji. Abu ɗaya da na ga ya canza da gaske shi ne fitila. Da aci-balbal muke kwana, da safe ka ga hancin yara baƙi. Yanzu 'yar fitilar sola ta ishe mu, wannan hayaƙin kam mun rabu da shi.

Anti_Rabi_Nas:
Abban Sadiq, na manta ban ce ba: tarin Inna in ya wuce mako biyu, a kai ta a gwada majinarta. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ba ina cewa shi ne ba, amma tunda za ta riƙa riƙe yaron gara a sani. Rufaffen ɗaki mai cunkoso shi ne gidan tarin fuka, shi ne kuma gidan sanƙarau in zafi ya shigo. Mu a Jigawa mun ga abin da sanƙarau ya yi, shi ya sa muna cikin jihohin da aka fara yi wa sabuwar allurar rigakafinsa a 2024.

Abban_Sadiq:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na je gida ranar Juma'a na dawo jiya. Ni da ƙanena mun kafa rumfa a kusurwar gabas, mun kewaye ɓangare biyu da zana, girki ya dawo waje. Mun fasa huji biyu a ɗakin tarkacen saboda damina, ragar ce ban samu ba sai ranar kasuwar Gujungu. Na sayi busasshen itace na faskara da kaina, ɗanyen mun jera shi a rana. An ƙirga numfashin Sadiq sau uku, bai kai 50 ba, tarin yana nan amma yana barci yanzu. Lokacin girki yana wajen Inna.

Inda na kasa shi ne kasko. Na cire tsumman tagarta, da na fita masallaci ta mayar. Ta ce ƙafafunta ba sa ɗumi sai da wuta, in na hana ta sanyi ne zai kashe ta kafin hayaƙi. Na saya mata bargo, ta ce ta gode ta ninke shi ta sa a kwalla. Ba zan iya ɗaga mata murya ba. Asibiti ma ta ce sai bayan sanyi.

Malam_Tanko_Sule:
Kada ka yi jayayya da ita, ba za ka ci ba, kuma ba tarbiyya ba ce. Tana da ƙane ko wa a raye? Ko limamin garinku? Tsoho daga bakin tsoho yake jin magana. Ni da na fara musu a nan, daren jiya sai da na leƙa ɗakin gyatumata na ɗan sassauta mata taga.

Hajiya_Binta_Kanya:
Sanyin ƙafar nan gaskiya ne, ɗana, ni ma ina fama da shi, kada ka ɗauka rigima ce. Ku ba ta wani ɗumin a madadinsa. Ta ji ɗuminta da kaskon a ƙofar ɗaki bayan isha, ƙofa a buɗe, ana hira. In za ta kwanta a fitar da shi. A sa bulo ko dutse a gefen murhu tun ana girki, a naɗe shi da tsohon zane a tura mata ƙarƙashin bargo wajen ƙafa, yana kaiwa tsakar dare da ɗumi. Ko jarka da ruwan zafi, a ɗaure bakin sosai a naɗe ta. A saya mata safa mai kauri. Kuma ba kai za ka kai mata ba, ka sa jikokinta su kai.

Anti_Rabi_Nas:
A dai taɓa dutsen da bayan hannu kafin a sa mata, tsofaffi ba sa saurin jin ƙuna a ƙafa, musamman mai ciwon suga.

Abban_Sadiq:
Akwai kawu, ƙanenta, yana Ringim, tana jin maganarsa. Zan kira shi yau da daddare, har batun asibitin in haɗa masa. Malam Ado, hujin saman nan, in na fasa shi a ɗakin Inna ta bayan gida inda ba za ta ji iska a jikinta ba, ɗaya ya isa ko shi ma sai biyu? Ɗakin soro ne, ginin ƙasa, ƙofarsa tana kallon kudu.

Ado_Magini_Gumel:
Kada ka fasa ta gabas ko arewa, nan iskar hunturu take bugowa, za ta toshe shi a daren farko. Ka fasa ta yamma, ƙasa da azara da kamar taƙi ɗaya, kada ka taɓa inda azara ta hau. Na biyun kuma duba ƙasan ƙyaurenta, in akwai tazarar yatsu biyu ya wadatar. Turo min hoton bangon ta ciki da ta waje in gani kafin ka sa diga.